Kyamarar da Ba Ta Karɓar Na Goro: Fashin Baƙi Kan Na'urorin Kama Masu Gudun Wuce Sa'a

Duk wanda ya saba shiga motar haya tsakanin Kano da Zariya ya san wannan alamar. Mota ta taho daga ɗaya hannun, direbanta ya ƙyafta fitila sau biyu, wani lokacin har ya fito da hannu ta taga ya nuna ƙasa. Nan take direbanku zai ɗaga ƙafa daga totur, ya jawo bel ya rataya a kafaɗa, ya ce wa na gidan gaba shi ma ya rataya. Allurar maleji da take kan 130 ta sauko 80. Ku wuce jami'ai a bakin hanya lafiya lau, kamar motar ba ta san gudu ba. Kafin su ɓace a madubi ya sake ba ta wuta. Kwanakin baya ina gidan gaba na duba agogo, natsuwar tamu ba ta kai minti biyu ba, a tafiyar da ta haura awa guda.

Direban nan ya san abin da yake yi. Ya san inda jami'ai ke tsayawa, ya san lokacin da suke tashi, ya san idan dare ya yi hanya tasa ce. Ya kuma san ko an tare shi akwai sauran magana: "A yi haƙuri, yallaɓai," ko a kira wani babba a waya, ko a miƙa na goro. Idan ya haɗa wannan lissafi duka, gudu ya fi masa riba, domin sawu ɗaya da zai ƙara a yini shi ne cefanen gida. An ƙirƙiro kyamarar kama masu gudu ne don ta rushe wannan lissafi. Ina cikin masu goyon bayanta, amma goyon baya mai sharaɗi, kuma sharuɗɗan su ne ainihin abin da nake so mu duba, tunda abin ya riga ya iso ƙasarmu.

Mu fara da abin da ya sa ake damuwa da gudu tun asali, domin da yawa muna ganin ƙarin kilomita goma ba wani abu ba ne. Ɗauki motoci biyu a jere a titin cikin gari, ɗaya tana gudun kilomita 50 a awa, ɗayar tana 60. Yaro ya fito a guje yana bin ƙwallo, mita 28 a gabansu. Kowane direba yana buƙatar kamar daƙiƙa ɗaya kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta kai kan birki. A cikin wannan daƙiƙar mai 50 ya ci mita 14, mai 60 ya ci kusan 17. Idan kwalta a bushe take, birki da taya kuma lafiyarsu ƙalau, mai 50 zai tsaya cak dab da yaron. Mai 60 zai buge shi yana kan gudun kusan 40. Bambancin goma a maleji ya zama bambancin sifiri da 40 a jikin yaro. Dalili kuwa shi ne, idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu da nisan da birki ke buƙata ninkawa suke yi sau huɗu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan tituna duk shekara, take cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci yana ƙara yiwuwar haɗarin da ake rasa rai da kashi 4. Ribar da mai 60 ɗin ya samu a tafiyar kilomita 10 cikin gari kuwa minti biyu ce.

Wanda ya fara ƙera na'urar ɗan tseren mota ne, mutumin Holan mai suna Maurice Gatsonides, wanda ya lashe tseren Monte Carlo a 1953. Yana neman hanyar auna gudunsa a kwanar hanya ne don ya ƙara ƙwarewa. A 1958 ya kafa kamfanin Gatsometer, kuma na'urarsa ta farko robobi biyu ne da ake shimfiɗawa a kan titi: taya ta taka na farko agogo ya fara, ta taka na biyu ya tsaya. 'Yan sanda suka ga amfaninta, daga baya aka haɗa mata kyamara. Har yau a Ingila mutane da yawa Gatso suke ce wa akwatin rawayan nan da ke bakin titi.

Na'urorin yanzu yawanci da rada suke aiki, wasu da hasken lesa, wasu da wayoyin da aka binne a cikin kwalta. Aikin rada yana da sauƙin ganewa ga duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya tirela ta wuce tana hon: sautin yana da kaifi lokacin da take tahowa, ya yi kauri bayan ta wuce. Haka igiyar rada take canzawa idan ta bugi mota ta dawo, kuma daga girman canjin ake gane gudun. Idan ya wuce ƙa'ida kyamara ta ɗauki hoto. Tsohuwar Gatso ta Ingila hoto biyu take ɗauka da tazarar rabin daƙiƙa, a daidai inda aka zana fararen layuka a kan titi, don mutum ya iya ƙirga layukan da motar ta tsallake ya tabbatar rada ba ta yi kuskure ba. Daga nan kwamfuta ta karanta lambar motar, ta nemo mai ita a rumbun bayanai, a aika masa takardar tara. Ana kuma barin ɗan rata saboda kuskuren na'ura. A Faransa ana zaftare kilomita 5 daga abin da aka auna idan gudun bai kai 100 ba, idan ya wuce haka a zaftare kashi 5 cikin 100.

Kyamarar da take tsaye a waje ɗaya tana da rauni irin na jami'in bakin hanya. Direba ya haddace wurin, ya taka birki kafin ya iso, ya taka totur bayan ya wuce. Maganin da aka samo shi ne kyamara biyu, ɗaya a farkon yanki ɗaya a ƙarshensa, kowacce ta karanta lambar mota ta rubuta lokaci. Idan yankin kilomita 30 ne kuma ƙa'ida 100 ce, bai kamata ka fita ƙasa da minti 18 ba. Ka fita a minti 14, an san ka yi kusan 129, ko da ka rage gudu a gindin kowace kyamara. Holan ta fara wannan tun shekarun 1990, Italiya ta shimfiɗa shi a manyan hanyoyinta daga 2005 da sunan Tutor. A kan wannan tsari ƙyafta fitila ba ya amfanar kowa. Sai dai yana da tsadar da ba ta kuɗi ba: kyamarar tana karanta lambar kowace mota, mai laifi da marar laifi, don haka dole doka ta fayyace wanda ke riƙe bayanan da kuma ranar da za a goge su.

Ƙasar da ta fi koyar da darasi a wannan fanni ita ce Faransa. A 1972 kimanin mutum 18,000 suka mutu a titunanta. Adadin ya yi ta sauka har ya tsaya cak a kusa da 8,000, ya ƙi motsi shekara da shekaru. Dokoki suna nan, 'yan sanda suna nan, lasisi mai maki 12 da ake zaftarewa idan an yi laifi yana nan tun 1992. Abin da ya hana ruwa gudu shi ne alfarma. Faransawa suna da al'adar da duk ɗan Najeriya zai gane ta: an rubuta maka tara, sai ka nemi wanda ya san wani a ofishin 'yan sanda, ko ɗan majalisa, ko magajin gari, takardar ta ɓace. Bayan haka kuma duk sabon shugaban ƙasa yakan yi afuwar laifuffukan hanya idan ya hau mulki, don haka da zaɓe ya ƙarato sai mutane su daina biya, su zauna jiran afuwa.

Ranar 14 ga Yulin 2002, a jawabin ranar ƙasa, Shugaba Jacques Chirac ya sanya kare rayuka a tituna cikin manyan ayyuka uku na mulkinsa. A Disambar wannan shekarar ma'aikatar cikin gida ta fitar da umarnin hana jami'ai soke tara don alfarma. A Yunin 2003 aka yi sabuwar doka, a ƙarshen Oktoba aka kunna kyamarar farko a kudu da birnin Faris. Yadda aka tsara bayan fage shi ne abin lura: duk hoton da aka ɗauka a ko'ina cikin ƙasar cibiya ɗaya yake tafiya, a garin Rennes, daga can takarda take fitowa ta iske mutum a gida cikin 'yan kwanaki. Babu ɗan sandan unguwa a tsakani, babu wanda za ka kira.

Mace-mace suka sauka da kusan kashi ɗaya cikin biyar a 2003 kaɗai. A duba da kyau: kyamarorin ba su fara aiki ba sai saura wata biyu shekarar ta ƙare, kuma 'yan kaɗan ne a lokacin. Ke nan tun kafin a ɗauki hoton kowa mutane suka rage gudu, domin sun gaskata cewa wannan karon da gaske ake, kuma ƙofar alfarma ta rufe. A 2010 adadin ya sauka ƙasa da 4,000, a 2013 ya kai 3,268. Afuwar shugaban ƙasa ma aka daina ta daga 2007. A nan ne na fahimci abin da kyamara take sayarwa. Girman tara bai dami direba sosai ba matuƙar yana ganin da wuya a kama shi. Abin da ke ɗaga ƙafarsa daga totur shi ne sanin cewa kamun tabbas ne, kuma idan an kama babu makawa.

Amma kada mu ɗauki duk alƙaluman da hukumomi ke bayarwa a matsayin wahayi, domin akwai wani tarko a cikin lissafin da ya kamata mai karatu ya sani. A ce akwai wata kwana da ake yin mummunan haɗari biyu a shekara. Wata shekara tsautsayi ya taru aka yi bakwai. Hankali ya tashi, hukuma ta kafa kyamara. Shekara ta gaba aka yi uku, aka fito aka ce kyamara ta rage haɗari da fiye da rabi. Alhali ko ba a kafa komai ba, da ma adadin zai koma kusa da inda ya saba. Kamar mai mura ne da ya sha jiƙo a ranar da ta fi tsananta, ya samu sauƙi washegari, ya ba jiƙon lada duka. Tunda ana kafa kyamara ne a inda haɗari ya yi yawa kwanan nan, wannan tarko yana nan a kusan kowane rahoto. A Birtaniya, rahoton 2005 kan shekara huɗu na shirin kyamarori ya ce waɗanda suka mutu ko suka ji mummunan rauni sun ragu da kashi 42 cikin 100 a wuraren da aka kafa su. A cikin rahoton kansa an yi zurfin bincike kan wasu wurare na cikin gari, aka tarar fiye da rabin raguwar daga wannan komawa ga al'ada ce. Abin da ya rage bayan an tace shi ne rabon kyamara, kuma ba a rasa shi ba. A 2010 cibiyar Cochrane, wadda aikinta tace bincike-bincike, ta duba nazari 35 daga ƙasashe dabam-dabam, ta tarar haɗurran da ake mutuwa ko jin mummunan rauni sun ragu da tsakanin kashi 11 zuwa 44 a kusa da kyamarori, tare da jan hankali cewa ingancin wasu nazarce-nazarcen bai kai yadda ake so ba. Kyamara tana ceton rai, sai dai ba ko yaushe take kai adadin da mai sayar da ita ke faɗa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Na'urar da ba ta barci, ba ta gajiya, tana iya rubuta tara ɗaruruwa a yini, dole ta tara kuɗi masu yawa, kuma da zarar baitulmali ya ɗanɗana sai niyya ta fara karkata. A Faransa abin da kyamarori suka kawo ya kai kimanin Yuro biliyan ɗaya a 2017, mutane suka laƙaba musu suna famfon zuƙe kuɗi. Ranar 1 ga Yulin 2018 gwamnatin Firaminista Édouard Philippe ta rage ƙa'idar gudu daga 90 zuwa 80 a hanyoyin karkara marasa shinge a tsakiya. A ilimance matakin yana da hujja, domin a irin waɗannan hanyoyi aka fi mutuwa. Amma mutanen karkara, waɗanda ba su da jirgin ƙasa ko bas sai motarsu, sun ji an yanke musu hukunci daga Faris ba tare da shawara ba, ga harajin mai yana ƙaruwa. Da zanga-zangar masu rawayar riga ta ɓarke a Nuwambar wannan shekarar, kyamarori na cikin abin da aka fara hucewa a kai: aka ƙona, aka shafa wa fenti, aka lulluɓe da leda. A Janairun 2019 ministan cikin gida Christophe Castaner ya ce an lalata kusan kashi 60 cikin 100 na kyamarorin da ke kafe a ƙasar. Kafin shekarar ta ƙare aka yi dokar da ta ba gundumomi damar komawa 90. Kyamarorin da suka taimaka wajen ceton dubban rayuka ke nan, amma da jama'a suka daina yarda cewa don su ake yi, ƙarfe da gilashi ba su kare su ba.

Wani lokacin zargin da jama'a ke yi gaskiya ne. A birnin Shikago na Amurka an gano cewa kamfanin Redflex ya samu kwangilar kyamarorin kama masu tsallake danja ne ta hanyar cin hanci, kuma a 2016 aka ɗaure jami'in birnin da ya karɓa, John Bills, shekara 10. Lardin Ontario na Kanada ya soke kyamarorin gudu a 1995, ya dawo ya ba birane izinin kafa su, ya sake haramta su a ƙarshen 2025, shugaban lardin Doug Ford yana cewa hanyar tatsar jama'a ce. Mafi munin tsari shi ne a ba kamfani kaso daga kowace tara, domin daga ranar ya zama ribarsa tana cikin ci gaba da karya doka. Birtaniya ta gane haka, a 2007 ta raba kuɗin tara da hukumomin da ke gudanar da kyamarori, kuɗin ya riƙa wucewa baitulmali kai tsaye. Suwidin kuwa takan sa allon gargaɗi kafin kowace kyamara, kuma ba dukansu ne suke kunne a lokaci ɗaya ba, domin abin da ake nema shi ne a rage gudu. Ma'aunin da nake auna kowane shiri da shi ke nan: kyamarar da take aiki, kuɗin da take kawowa raguwa suke yi kowane wata. Duk gwamnatin da ta sa tarar gudu cikin hasashen kuɗin shiga, tana fatan adadin ya ƙaru baɗi, ta riga ta faɗa mana abin da take nema.

Sai matsalar da jami'in bakin hanya ba shi da ita: kyamara mota take kamawa, amma mota ba ta laifi. Wa ke tuƙi? Jamus ta dage cewa sai an gane direba, shi ya sa kyamarorinta daga gaba suke ɗauka, fuska ta fito. Holan ta ɗora ƙananan tarori a kan mai mota, ko wa ya tuƙa. Birtaniya ta tilasta wa mai mota ya faɗi sunan direba, ƙin faɗa kuma laifi ne mai zaman kansa. Labarin Chris Huhne, ɗan siyasar Birtaniya, ya nuna nauyin abin. A 2003 kyamara ta kama motarsa, makin laifin da aka tara a lasisinsa kuma ya kusa kai wa a hana shi tuƙi, sai matarsa ta ce ita ce ke tuƙi. Bayan shekaru aurensu ya mutu, asiri ya tonu. A 2012 ya sauka daga muƙamin ministan makamashi, a 2013 kotu ta yanke wa kowannensu ɗaurin wata takwas. Laifin gudun kansa ƙaramar tara ce. Abin da ya kai minista gidan yari shi ne yi wa shari'a ƙarya, kuma irin wannan hukunci ne yake sa sauran jama'a su ɗauki takardar da muhimmanci.

Akwai kuma tambayar adalci a kan yawan tarar. Kuɗin da za su hana ɗan tasi barci, attajiri bai san sun fita ba. Finlan ta ɗaura tarar babban gudu da abin da mutum ke samu, har a 2002 aka ci wani babban jami'in kamfanin Nokia, Anssi Vanjoki, tarar Yuro 116,000 saboda ya yi 75 a inda ƙa'ida take 50, kodayake an rage daga baya. Ƙasar da ba ta san abin da 'yan ƙasa ke samu ba ba za ta iya kwaikwayon wannan ba. Abin da za ta iya shi ne ƙaramar tara mai tabbas, da maki a kan lasisi, domin maki ne kaɗai hukuncin da ke ciwo daidai ga mai kuɗi da talaka.

Mu dawo kusa da gida. 'Yan'uwanmu mazauna Makka da Jidda da masu zuwa Umara sun san Saher, tsarin da Saudiyya ta fara a 2010, wanda sunansa ke nufin mai kwana a farke. Kafin ka isa masauki saƙon tara ya shigo waya. Ruwanda ta kafa nata, mutanen Kigali suka sa musu suna Sofiya, kuma da koke ya yi yawa a ƙarshen 2021 kan ƙa'idar gudun da ta yi ƙasa ƙwarai a wasu tituna, Shugaba Paul Kagame da kansa ya yi magana aka sassauta. A Najeriya, gwamnatin Legas ta sanar a Fabrairun 2025 cewa ta kafa kyamarorin gudu a Alapere, inda ƙa'ida take 80, da titin Mobolaji Bank Anthony a Ikeja, inda take 60, tarar kuma Naira 50,000, ana sanar da mai mota ta saƙon waya. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000, wannan tara ta haura kashi biyu cikin uku na albashin wata. Abin da Legas ta fara kuwa, ba a jimawa sauran jihohi suke ɗauka.

Buƙatar tana nan, babu musu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta ƙirga mutum 5,421 da suka mutu a tituna a 2024, kuma kullum gudu ne kan gaba a dalilan da take lissafawa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya haura 30,000 a shekara, domin da yawa ana binne su ba a rubuta ba. Ƙa'idar gudu tana nan a rubuce: ƙaramar mota 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, motar haya 90 a tagwayen hanya, tirela da tanka 60. Direbobi nawa ne suka san wannan, kuma alluna nawa ne a bakin hanya suke tuna musu? Tun Fabrairun 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu, amma motar da na shiga zuwa Zariya ta yi 130 babu abin da ya riƙe ta. Cin tarar mutum a titin da babu allon da ya faɗa masa ƙa'ida kwanton ɓauna ne, kuma ba zai haifar da komai ba sai ƙiyayya.

Abin da ya fi damuna shi ne igiyar da ke haɗa lambar mota da mutum. Motar da nake hawa ni ne na uku da ya mallake ta. Da na zauna na duba takardunta da kyau, sunan mai ita na farko ne a kai, adireshin kuma "bayan gidan mai" ne a wani gari da ban taɓa zama ba, lambar wayar da ke jiki ta ejan ɗin da ya yi takardun ce. Da kyamara za ta kama ni, saƙon zai tafi wayar mutumin da bai san ni ba. Na je na gyara, amma motoci irin wannan ba su ƙirguwa. Ƙara da masu yawo babu lamba sam, da masu lambar da ta goge, da babura da a-daidaita-sahu, da manyan motocin nan masu baƙin gilashi da aka lulluɓe lambarsu da rigar fata. Idan aka kafa kyamara a kan wannan yanayi, wanda zai biya shi ne malamin makarantar da ya yi rajista da sunansa na gaskiya, sauran kuma su wuce. Ba za a jima ba kowa zai gane cewa yin takardu daidai shi ne jawo wa kai asara.

Ba kuma ko'ina ne kyamara ta dace ba. A titin da ya ratsa gaban wata firamare a unguwarmu, bayan mota ta buge wata yarinya da tashin makaranta, matasa suka haɗa kuɗi suka sayo siminti, kafin gari ya waye sun yi tudun rage gudu guda biyu. Sun yi tsayi da yawa, ƙananan motoci suna gurzar ciki, amma tun ranar babu wanda ya sake wucewa ta nan a guje, mai lamba da marar lamba. Da hukuma ce ta yi su bisa awo, ta shafa musu fenti, da sun fi kowace kyamara amfani a wurin, domin tudu yana hana gudun tun kafin a yi shi, takardar tara kuwa sai bayan an yi take zuwa. Wurin kyamara shi ne manyan hanyoyin da ba za a iya sa musu tudu ba, musamman inda suka ratsa tsakiyar garuruwa da kasuwannin bakin hanya.

Sai batun na goro. Gaskiya ne kyamara ba ta karɓa, ba ta san ɗan wane ba, ba ta jin "ka san ko ni wane ne?" Amma hoton da ta ɗauka ofis yake zuwa, kuma a ofis akwai mutum a gaban kwamfuta. Idan wannan mutumin yana iya goge tara da kiran waya ɗaya, to alfarmar da ake yi a bakin titi a gaban fasinjoji ta koma ɗaki mai sanyi inda babu mai gani. Don haka duk jihar da za ta kafa kyamara, ina so ta fara faɗa mana inda za ta kafa da yawan haɗurran da aka yi a wurin, da yadda ake biyan kamfanin da ya kawo na'urar, da ƙofar da mutum zai bi ya ga hotonsa ya yi jayayya ba tare da ya kashe yini uku a layi ba. Sannan duk wata ta wallafa tara nawa aka rubuta, nawa aka biya, nawa aka soke, da sa hannun wa aka soke su, da kuma nawa ne a ciki na motocin gwamnati da na ayarin manya.